Bugun zuciya 150 har gari ya waye: yaya ake gane irinsa a takardar ECG?

Sistar Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum, manyana da abokan aiki na wannan zaure.

Ni nas ce, shekarata bakwai da fara aiki, huɗu daga ciki a ɗakin mata na wani babban asibiti a ƙaramar hukuma. Wani abu ya faru a hannuna daren Larabar da ta wuce, har yau ya ƙi barin raina, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Wajen ƙarfe tara na dare aka kawo wata mai jego 'yar shekara 26, haihuwarta ta uku, sati biyar da sauka. Surukarta ce ta rako ta, da jaririn a goye. Ta ce kwana biyu ke nan gabanta na faɗuwa, zuciyarta na lugude ko tana zaune, ga kasala ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. Zafin jikinta 37.9, awon jini 110 bisa 70, ɗan abin da muke maƙalawa a yatsa ya nuna bugu 150 a minti. Gwajin maleriya na gaggawa ya nuna akwai. Na'urar ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, ɗaya tak gare mu a asibitin, na je na turo ta na ɗauka. Takarda ta fito, a samanta na'urar ta buga da kanta cewa sayinas takikadiya ce, wato bugun zuciya na asali ne, sauri kawai ya yi. Likitan da ke aikin dare yana ɗakin tiyata ana ciro wa wata jariri. Na aika masa da abin da na auna da abin da na'ura ta rubuta, ya aiko cewa a ba ta farasitamol da maganin maleriya, a ɗaura mata ruwa. Ni ma abin da na ɗauka ke nan, zazzaɓi ne ya koro zuciyar.

Ga abin da na rubuta a fayil ɗinta da hannuna. Ƙarfe goma, 150. Sha biyu, 149. Ƙarfe biyu, 150. Ƙarfe huɗu, 150. A tsakanin nan zazzaɓin ya sauka zuwa 36.8, ta yi gumi, har barci ya ɗan ɗauke ta, amma lambar nan ko gezau. Ledar ruwa ta biyu tana rabi sai ta fara neman a jingina ta, filo ɗaya, biyu, har uku, tana wani busasshen tari, numfashi sama-sama. Da kaina na rufe ruwan, na sa mata iskar oksijin, na sake aikawa a kira likita.

Da safe babban likitanmu ya shigo zagaye. Ya ɗauki takardar nan, ya juya ta kanta a ƙasa, ya ɗaga ta saitin taga, ya ce, "Sista, wannan ai fulota ce, bugun zuciyar ne da kansa ya rikice. Ga haƙoran zarton nan." Ya bi su da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Wallahi sai da ya nuna sannan na gan su, alhali takardar ta kwana a hannuna. Nan take aka tura matar asibitin koyarwa, can aka yi mata hoton zuciya aka ce zuciyar ta buɗe ta yi rauni, irin ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Babu wanda ya yi min faɗa. Amma ni na san awa bakwai na yi ina rubuta lamba ɗaya ban tambayi kaina dalili ba, kuma ni na ɗaura ruwan da ya kusa shaƙe ta. Don Allah masu ilimin abin ku koya min. Idan bugu ya yi sauri, me zan fara dubawa a takardar? Yaya zan bambance wanda zazzaɓi ya kawo da wanda zuciyar ce da kanta ta rikice? Kuma wanne ne zan gani in tashi likita ko da zai ji haushina?

Tsohon Ma'aikaci ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki sa wa ranki ruwan sanyi, kin yi iya abin da ya rataya a wuyanki. Kin auna, kin rubuta, kin sanar, kin rufe ruwa da kika ga canji. Shekarata 28 a wannan aiki, kuma shawarata ita ce karatun ECG a bar wa likita. Ranar da kika karanta kika yi kuskure, babu mai tsaya miki. Ki ɗauka, ki miƙa, ki rubuta lokacin da kika miƙa. Allah ya ba matar lafiya, ya raya abin da ta haifa.

Likitan Zuciya ya rubuta:

Malam Tsohon Ma'aikaci, ina ganin girmanka, kuma na san tsoron da kake ji mata gaskiya ne. Amma a nan mun saɓa. Ba a ce ta rubuta magani ba. Da dare a asibitocinmu nas ce idon likita, abin da ta faɗa masa shi zai yi aiki da shi. Da ta ce masa "150 ne, ya ƙi motsi awa huɗu", da tuni ya canja shawara.

Sista, sannu da ƙoƙari. Rufe ruwan nan da kika yi ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin takarda, ki kalli mai takardar. Idan bugu na gudu kuma awon jini ya faɗi ƙasa da 90, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ko ta suma, ko tana ciwon ƙirji, ko ruwa ya taru a huhu tana haki, to wannan ba lokacin tantance suna ba ne, ki tashi likita ko a ina yake. Wannan ce amsar tambayarki ta ƙarshe.

Sai lissafi. Ki fara duba gefen takardar ki tabbatar an rubuta 25 mm/s, domin wani lokaci wani ya taɓa madanni ya mayar da ita 50, komai ya buɗe ninki biyu. A gudun 25, ƙaramin gida ɗaya cikin gidajen da aka zana a jikin takardar sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar sakan 0.2. Ki samu dogon tsinin da kowane bugu ke yi, wanda ake kira R, da ya faɗa kan layi mai kauri, ki ƙirga manyan gidaje zuwa na gaba, ki raba 300 da abin da kika samu. Gida ɗaya 300, biyu 150, uku 100, huɗu 75, biyar 60, shida 50. Duk abin da bai kai gida uku ba ya wuce 100, sauri ne. In kina son ƙididdiga ta fi haka daidai, ki ƙirga ƙananan gidaje ki raba 1500 da su. In kuwa tazarar ba ta daidaita ba, wannan lissafin ba ya aiki. Ki ƙirga tsinin da ke cikin manyan gidaje 30 ki ninka sau goma.

Daga nan ki tambayi kanki, QRS ɗin, wato zanen bugun ɗakunan ƙasa na zuciya wanda tsinin R ke cikinsa, siriri ne ko faffaɗa? Iyakar ita ce ƙananan gidaje uku. In bai kai uku ba, wutar lantarkin da ke sa zuciya bugawa daga ɗakunan sama ta taso ta bi hanyarta ta asali. In ya kai uku ko ya wuce, wannan wani babi ne mai haɗari, na ga abokin aikina na sashen gaggawa yana zauren nan, na bar masa. Sannan tazarar daidai take ko a birkice? Kada ki yarda da ido kawai, domin in gudu ya yi yawa birkitacce ma yakan yi kama da daidaitacce. Ki yago 'yar farar takarda, ki ɗora a ƙarƙashin dogon layin ƙasa, ki ɗiga alama a kan tsini huɗu a jere, sai ki ja ta gaba ki ga ko alamun za su ci gaba da faɗawa kan tsini. Sai ki nemi ɗan tudun P, wanda bugun ɗakunan sama ke yi kafin QRS, a layin II (kowane layi a takardar da sunansa, irin su I, II, aVR da V1).

Bari in daɗe a kan taki matsalar. Sayinas takikadiya zuciya ce mai lafiyar wuta da wani abu ya kora: zazzaɓi, ƙarancin jini, zubar jini, rashin ruwa a jiki, raɗaɗi, tsoro, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, maganin asma irin salbutamol, ko gudan jini a huhu. Za ki ga P a gaban kowane QRS, a miƙe a layin I da II, a kife a aVR. Babbar alamarta kuwa ita ce tana da rai, tana jin abin da ke faruwa a jiki. Ta juya a gado ya hau 128, ta yi barci ya sauko 112, zazzaɓi ya sauka ya bi shi. Akwai ƙiyasin da muke yi, 220 a cire shekarun mutum, wajen nan ne iyakar gudunta. Ga 'yar shekara 26 ya kama 194, saboda haka 150 bai fi ƙarfinta ba, lambar ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Ga tsoho ɗan 75 kuwa, in kin ga 160 ki yi shakka tun farko. Abin da ya tona asirin a wajen mai jegon nan taki shi ne jerin da kika rubuta: 150, 149, 150, 150. Zuciyar da zazzaɓi ke kora ba ta tsayawa cak haka.

A fulota, wutar tana kewaya da'ira ɗaya a ɗakin sama na dama, kusan sau 300 a minti. Tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa akwai wata 'yar mashiga da ke aiki kamar maigadi, ba ta yarda duka su wuce, yawanci ta bar ɗaya ta tare ɗaya. Rabin 300 ke nan, 150. Shi ya sa muke koya wa ɗalibai cewa duk bugun da ya zo siriri, daidai, 150, a ɗauke shi fulota har sai an tabbatar ba ita ba ce. Haƙoran zarton sun fi fitowa a II, III da aVF, kowane haƙori kusan babban gida ɗaya. Wahalar ita ce idan biyu ne ga kowane QRS, ɗaya yakan ɓuya cikin QRS ko tudun T da ke biye da QRS, ɗayan da ya rage sai ya yi kama da P. Nan ne na'urarku ta ruɗe, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. In kin ga abin da kike zaton P ne zaune daidai tsakiyar QRS biyu, ki zargi akwai ɗan'uwansa a ɓoye. Juya takardar da likitanku ya yi dabara ce tsohuwa: a layukan nan haƙoran ƙasa suke kallo, in an kife takarda sai su miƙe, ido ya fi saurin kama su. Ki leƙa V1 ma, can sukan fito 'yan ƙanana a miƙe.

Idan siriri ne, daidai, 160 zuwa 220 ko sama, kuma kin nemi P kin rasa, galibi SVT ce, wato gudun da ke tasowa daga sama da ɗakunan ƙasa na zuciya. Labarin mai ita yakan taimaka fiye da takarda. Za ta ce miki farat ɗaya ya fara, kamar an kunna fitila, tana jin bugun har a wuya, in zai tafi ma farat ɗaya. Wani lokaci P ɗin yana maƙale a wutsiyar QRS, ya yi ɗan ƙaramin tsini na ƙarya a V1. In lafiyarta ƙalau ta sauran fuskoki, likita na tsaye, akwai dabarar sirinji: a jingina ta rabin zaune, ta hura bakin sirinji mai cin mil 10 da ƙarfi har sandar ta motsa, sakan 15, nan take a kwantar da ita rigingine a ɗaga ƙafafunta sama sakan 15, a mayar da ita zaune. Binciken REVERT da aka yi a Ingila aka buga a 2015 ya nuna wannan ya dawo da bugu daidai ga kashi 43 cikin ɗari, hurawa kawai ba ɗaga ƙafa kashi 17. A bar takarda tana tafiya lokacin da ake yi. Ko fulota ce, da ba za ta warke da wannan ba, maigadin yakan ƙara tsanani na 'yan sakanni, haƙoran su fito fili.

Siriri a birkice babu P, ƙasan layi yana 'yar rawa, wannan AF ce, wato ɗakunan sama na karkarwa maimakon bugawa. Kamar yayyafi a kan rufin kwano, ba ki san yaushe ɗigo na gaba zai sauka ba. A nan ƙasar muna yawan ganinta ga masu hawan jini da waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata wa ƙofar zuciya. Kada ki dogara da abin yatsa a wajensu, wasu bugun ba sa kaiwa hannu. Ki sa abin saurare a ƙirji ki ƙirga minti guda cur. AF da fulota duka suna iya tara gudan jini a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki, shi ya sa in sun wuce awa 48 ba a gaggawar mayar da su sai da shiri, in dai ba rai ne a bakin ƙofa ba.

Abu ɗaya da ba na takarda ba. Mai jego a arewacin Nijeriya da ta zo da haki ko faɗuwar gaba a watannin farko bayan haihuwa, ki sa ciwon zuciyar masu jego a ranki kafin ki buɗe ruwa. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka yi rubutu a kan yawansa a Zariya, har yau kuma yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Ki danna ƙafarta ki ga ko yatsa zai lotsa, ki kalli jijiyar wuya, ki tambaye ta filo nawa take kwana a kai.

Likitan Gaggawa ya rubuta:

Ranka ya daɗe, na karɓi aikin da ka ba ni. Sista, nawa bayanin da labari zan fara shi, domin da hannuna na koye shi.

Shekarata ta biyu da gama makaranta, aka kawo wani magidanci direban babbar mota, ɗan shekara 58. Da ƙafarsa ya shigo, yana zaune yana ba ni labarin hanya, awon jininsa 125 bisa 80. Bugu 180, daidai, QRS faffaɗa, ƙananan gidaje huɗu da ɗoriya. Na ce a raina mai VT, wato gudun da ke tasowa daga ɗakunan ƙasa, ba zai zauna yana hira ba, wannan SVT ce da ta haɗu da toshewar reshen wuta. Na ja berafamil, maganin rage gudun zuciya, na ba shi ta jijiya. Ban gama wanke hannu ba ya sulale daga kan gado, awon jini ya ɓace. Allah ya taimake mu akwai na'urar buga wa zuciya wuta kuma da caji, aka buga masa ya dawo. Daga baya matarsa ta ce shekara uku da suka wuce ya taɓa kwanciya da ciwon ƙirji mai tsanani. Tambaya ɗaya ce ban yi ba.

Don haka ki riƙe wannan da kyau: faffaɗa, daidai, mai gudu, VT ce har sai ƙwararre ya ce ba ita ba ce. Kusan kashi 80 cikin ɗari na irin wannan VT ne, in kuwa mutum ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko zuciyarsa ta buɗe, ya haura 90. Kyawun awon jini ba ya wanke shi. Matarki mai jego ma tana cikin waɗanda za su iya dawowa da ita. A VT wutar daga ɗakunan ƙasa take tasowa, ba ta bin hanyar da aka shimfiɗa mata, tana ratsa naman zuciya a hankali, shi ya sa zanen ke buɗewa.

Akwai alamun da ke tabbatarwa in an dace da su. Za ki ga 'yan tudun P suna tafiyarsu dabam, babu ruwansu da QRS, suna leƙowa nan da can. Ko a tsakiyar faffaɗan ki ga siriri guda ɗaya ya faɗo, wato bugun sama ya samu ya kutsa. Ko daga V1 har V6 duk su kalli gefe ɗaya, duka sama ko duka ƙasa. Ko aVR ya fara da dogon tsini a miƙe. Ɗalibai suna son matakan Brugada na 1991 na bambance VT da SVT, kuma suna da amfani a teburin karatu, amma ni ba na so nas ita kaɗai ƙarfe uku na dare ta tsaya auna su. Rashin ganin alamun nan ba ya kore VT. Ki kira likita, ki sa allurar ruwa a jijiya, ki jawo na'urar buga wuta kusa in kuna da ita, in babu a fara maganar mota.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne faffaɗa, a birkice, mai gudun tsiya, wani wurin tazarar ta kusa babban gida ɗaya, faɗin QRS na canjawa daga bugu zuwa bugu, galibi a jikin matashi. Wannan AF ce a kan wanda aka haifa da ƙarin hanyar wuta, abin da Wolff da Parkinson da White suka bayyana a 1930. Adenosin, berafamil, digoksin da masu rage bugu irin atenolol duk suna rufe mashigar asali su tura wutar ta ɓarauniyar hanya, zuciya na iya tsayawa. In kin ji an ce a ba mai irin wannan takarda ɗaya daga cikinsu, ki ce a sake dubawa.

Biyu kuma da ke kwaikwayo. Mai ciwon ƙoda da fotasiyam ya yi wa yawa, QRS ɗinsa na buɗewa, T ya yi tsini kamar tanti, amma yawanci gudun ba ya kai na VT. Sai mai rawar sanyin maleriya: jiki na karkarwa, takarda ta cika da zane mai ban tsoro. Ki kama hannunsa ki ji bugu, ki duba ko akwai layi ɗaya da siraran QRS ke tafiya abinsu a cikin hayaniyar. Ki lulluɓe shi, rawar ta lafa, ki sake ɗauka.

Mai Harhaɗa Magani ta rubuta:

Sannunku likitoci. Yaya Sista, bari in ƙara ta ɓangarenmu, domin akwai nau'in da mu da kanmu muke jawowa.

Sunansa tosad, wani likitan Faransa mai suna Dessertenne ya bayyana shi a 1966. Faffaɗa ne mai gudu, tsayin zanen na girma yana ƙanƙancewa, kamar ana murɗa igiya. Yakan zo na 'yan sakanni mutum ya suma ya farfaɗo, a ce farfaɗiya ce ko iska, har ranar da ba zai farfaɗo ba. Gargaɗinsa yana cikin takardar da aka ɗauka lokacin da mutum ke lafiya: tazarar daga farkon QRS zuwa ƙarshen T ta yi tsawo. In bugu na tafiya daidai misali, T ya kamata ya ƙare kafin rabin hanya zuwa R na gaba. Idan QTc, wato awon wannan tazarar da na'ura ta buga, ya haura 500, a duba magungunan da yake sha a ranar.

Su ne kuwa na hannunmu kullum: kwinin, kulorokwin, eritiromaisin, sifurofuloksasin, halofaridol, da ondansetiron na amai. Ɗaya shi kaɗai ba kasafai yake kawo matsala ba. Haɗarin yana wajen tara biyu ko uku a jikin wanda amai da gudawa suka zubar wa fotasiyam da magnesiyam, ko mai shan maganin fitsari irin Lasix. Ki tuna matarki za ta dawo gida da Lasix, wataƙila da digoksin, damina kuma na tafe da maleriyarta. Duk ranar da ta dawo da amai, a duba gishirin jininta kafin a tara mata magani.

Maganin tosad magnesiyam salfet ne, giram 2 ta jijiya. Ko asibitin da babu komai, galibi za ki same shi a ɗakin haihuwa, wanda ake ba masu jijjiga.

Sistar Dare ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, ya ƙara ilimi. Baba Tsohon Ma'aikaci, na ji shawararka, ba zan taɓa ba da magani da ra'ayina ba, amma zan riƙa ƙirgawa.

Na rubuta 300, 150, 100, 75, 60, 50 a jikin filasta na manna a gefen na'urar. Na kuma roƙi mai kula da fayil ya ciro min tsofaffin takardu, kullum in dare ya yi shiru nakan ɗauki biyar in rufe rubutun na'ura da yatsa in karanta da kaina, sannan in buɗe. Da yawa sun koɗe har ba a ganin komai, don haka yanzu duk wadda na ɗauka sai na yi mata hoto da waya, ban da sunan mai ita.

Shekaranjiya na dawo aikin dare. Ƙarfe sha ɗaya aka kawo wata ɗaliba 'yar shekara 19, dafe da ƙirji. Ta ce ta sunkuya za ta ɗauki buta ke nan abin ya tashi, tana jin sa har a wuya. Awon jini 115 bisa 75, hannunta da ɗumi, babu zazzaɓi. Na ƙirga ƙananan gidaje takwas tsakanin R da R, ya kama 188. QRS gida biyu. Na yi alama a 'yar takarda na ja, duk suka faɗa daidai. Na nemi P na rasa, na kife takardar ban ga zarto ba. Na kira likita na ce, "Ranka ya daɗe, siriri ne, daidai, 188, babu P, farat ɗaya ya fara, awon jini lafiya." Ko minti biyar bai yi ba ya iso. Muka ba ta sirinji. Karon farko bai yi ba. Karo na biyu ina riƙe da ƙafafunta a sama, ina kallon lambar, daga 188 ta faɗo 94. Yarinyar ta ce, "Anti, ya tafi," ta fashe da kuka, uwarta ma haka.

Mai jegon nan kuma an sallamo ta, ta zo awo ranar Litinin, kumburin ya saɓe, bugunta 84, ga P a gaban kowane QRS. Na jera takardunta biyu a kan tebur na nuna wa ɗaliban da ke koyon aiki a ɗakinmu.

Yanzu ga sabuwar tambaya, Likitan Zuciya da Likitan Gaggawa. Bayan bugun ɗalibar ya dawo mun sake ɗaukar takarda. Daga farkon P zuwa farkon QRS na ƙirga ƙananan gidaje biyu da rabi kawai, kuma QRS ɗin bai tashi tsaye ba, sai da ya ɗan jingina kamar gangare kafin ya miƙe, musamman a V4 da V5. Likitanmu ya rubuta mata takardar zuwa asibitin koyarwa, ya ce kada a ba ta komai kafin su gan ta. Shin wannan ce ƙarin hanyar wutar da kuka ambata? Ga hoton nan na ɗora, don Allah ku duba min.